Kafiretar Shugaba

Allah Ya yi wa garinmu baiwa uku: masara, ruwan rijiya mai daɗi, da Delbert Hanrahan. Biyun farko kowane ƙauye a jiharmu ta Iowa, a Amurka, yana iya bugun ƙirji da su. Delbert kuwa namu ne mu kaɗai, kuma har yau babu garin da ya nemi mu ara masa shi.

Shekara goma sha ɗaya yana shugabantar Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci. Gwani ne a harkar inji, gwanintar da ta kai baƙin mai bai taɓa shiga farcensa ba. Sana'arsa sayar da katifu, amma babu mujallar mota da bai haddace hotunanta ba. Mu muka laƙaba masa Farfesan Totur. Da ya ji, sai ya ɗauka girmamawa ce, ya sa aka ɗinka masa sunan a bayan riga da zaren zinariya.

Motarsa Gimbiya ja ce, ƙirar 1969, marar rufi, silinda takwas. Gaskiya ba ta da laifin komai, illa mai ita. Duk Ranar Masara ita ke jan faretin gari, ɗauke da Malama Opal mai shekara casa'in da shida, wadda ta koya wa rabin garin nan karatu, har da Delbert. Dokar ƙungiya kuwa a fili take: shugaban da motarsa ta mutu a fareti, nan take ya cire farar hular shugabanci ya miƙa wa duk wanda ya kai Malama ƙarshen hanya. Delbert ne ya rubuta dokar da hannunsa, da ita ya kayar da shugaban da ya gada, kuma yana son hular nan fiye da yadda yake son wasu 'yan uwansa.

Masifar ta faro wata Asabar da safe a gaban gidan cin abinci. Orval Beck, mai kiwon aladu, ya ɗaga bonet ɗin motarsa, sai ga sabuwar kafireta tana ƙyalli, mai lamba ɗari bakwai da hamsin. Lambar ita ce yawan iskar da take haɗiya ta gauraya da fetur. Jama'a suka yi dafifi suna jinjina kai. Wani maras tausayi ya juyo ya ce, "Shugaba, taka fa nawa ce?"

"Ɗari shida," in ji Delbert, da muryar mai sanar da rasuwa.

Ranar ko rabin wainar masararsa bai ci ba.

Bayan kwana tara ya shiga garejin Wanda Petrik rungume da kwali kamar jariri. Wanda ta shekara talatin tana gyaran duk abin da ke da inji a gundumarmu, daga tarakta har motar fasto. Ta buɗe kwalin, ta dubi abin da ke ciki, ta dubi Delbert.

"Jirgin sama ka saya ba mu ji ba?"

"Dubu da hamsin ce," in ji shi. "Irin ta 'yan tsere. Babu kamarta a gundumomi huɗu."

"Del, injinka ɗari shida yake iya ci. Wannan ba ta da cok na tayar da inji, ba ta san silo ba, wato tafiya a hankali, an yi ta ne don gudun daƙiƙa goma a filin tsere. Kai kuma tafiyar ƙafa za ka yi da tsohuwa a gefenka."

Delbert ya yi murmushin tausayi, ya dafa kafaɗarta da yatsu biyu don kada ya ɓata hannu. "Wanda, ke kina gyara inji, ni ina fahimtar inji. Bambancin ke nan. Inji kamar al'umma yake: in ka ba shi ƙaramin baki, ya yi ƙaramin tunani."

"To ai bonet ma ba zai rufu ba."

"A huda shi."

"Bonet ɗin asali? Na tun daga kamfani?"

"Abin da ya girma dole ya fito a gan shi."

Wanda ta huda, tana neman gafarar motar a ranta. Da ta cire tsohuwar kafiretar ta ɗaga masa ita, ya kau da kai kamar an nuna masa mushen ɓera. "Jefa ta a bola," ya ce. "Ta gama zamaninta."

A taron ƙungiya na gaba ya yi jawabin minti arba'in kan iska, da fetur, da makomar ƙasa. Ya kuma tunatar da mambobi cewa motocin ɗaukar taki su tsaya a baya kamar kullum. Akori-kura ɗaya ce a ƙungiyar, ta Wanda, ƙirar 1966, kuma kowa ya gane inda aka dosa.

Ranar Masara ta zo da rana mai zafi. Gimbiya ta tsaya a gaba, kafiretar ta leƙo ta ramin bonet kamar tukunya a kan murhu. Bayanta 'yan badujalar makarantar sakandare, su arba'in, cikin fararen kaya fes. Aka ɗora Malama Opal a kujerar gaba, da jakar alewar da za ta riƙa watsa wa yara.

Delbert ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi gurnani, tagogin banki suka girgiza. Ya dubi inda Orval yake, ya gyara hula.

Sai aka busa usur, aka fara tafiya.

In ya ɗaga ƙafa daga totur, injin ya nemi shiɗewa. In ya taka, motar ta zabura kamar an tsikare ta, sai ya danna birki. Haka suka yi ta rawa, zabura da birki, zabura da birki, kan Malama yana gaba yana baya.

"Delbert, fitsari kake ji?" in ji ta. "Haka kake yi a aji biyu."

"Ƙarfi ne, Malama! Ƙarfi ne ya yi mata yawa!"

Salansa ta fara aman baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur. Kafin a kai shagon aski, masu busa ƙaho sun koma tari, fararen kayansu sun zama kalar toka. Mai babbar ganga yana dukan ta yana hawaye. Delbert yana ɗaga wa jama'a hannu, jama'a suna kaɗa nasu hannun a gaban hanci, shi kuma ya ɗauka gaisuwa suke mayarwa.

Daidai gaban kotu, inda magajin gari da manyan baƙi suke zaune a rumfa, Gimbiya ta yi wata ƙara kamar harbin bindiga, ta yi shiru.

Ya murɗa makulli. Ya sake murɗawa. Fetur ya riga ya jiƙe fulogai takwas ɗin sharkaf. Gumi ya tsiyayo daga ƙarƙashin farar hula, kuma a nan, in faɗi gaskiya, na ji tausayinsa, na ɗan lokaci kaɗan. Ya miƙe a cikin motar ya fuskanci rumfa.

"Jama'a, wannan tsayuwa ce ta girmamawa ga..."

"Zauna," in ji Malama Opal. Ya zauna.

Daga can ƙarshen layi akori-kurar Wanda ta ratso ta gefe, cike da buhunan masara, injinta yana tafiya a hankali kamar kyanwa tana minshari. Ta sha gaban Gimbiya, ta sauko da sarƙa, ta ɗaura. Aka ci gaba da fareti. Motar taki a gaba, Farfesan Totur a baya yana riƙe da sitiyarin motar da ake ja, Malama tana watsa alewa cikin kwanciyar hankali.

A ƙarshen hanya, a filin baje koli, mambobi suka kewaye su. Delbert ya fara bayani kan zafin rana da lalacewar fetur ɗin zamani. Malama Opal ta miƙa hannu ta zare hular daga kansa, kamar yadda take ƙwace masa cingam shekara sittin da suka wuce, ta ɗora wa Wanda.

Orval Beck ya zagaya akori-kurar yana sauraron injin, ya ɗaga bonet ya leƙa. "Kai, wannan silo haka! Ta ja mota guda ko tari ba ta yi ba. Wace irin kafireta ce, Shugaba?"

Delbert ya buɗe baki zai amsa, sannan ya tuna ba da shi ake ba.

"Ɗari shida ce," in ji Wanda, tana gyara zaman hular. "A bola na tsince ta. Wani masani ne ya ce ta gama zamaninta."