Yadda Na Kawo Mai Maganin Sanƙo Walimar Shugabanmu

Ba zan taɓa mantawa da walimar bankwana da muka shirya wa shugaban makarantarmu ba. Ko na so in manta ma, mutanen Bagudo ba za su bar ni ba.

Labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a nan Bagudo. Ban karanci kwamfuta ba. Abin da ya faru kawai shi ne, wata rana firinta ta ƙi aiki a ofis, na zo wucewa na hango takarda ta maƙale, na sa yatsa na zaro ta. Shi ke nan fa. Tun daga ranar aka naɗa ni Injiniya. Wayar wani ta ƙi caji, a kira Injiniya. Fankar ɗakin malamai ta tsaya, ina Injiniya? (Kuma sunan ya yi mini daɗi. Har tafiyata sai da ta canza.)

Kwamfutar makarantar guda ɗaya ce tak, laftof ta hannu da aka sayo daga ƙetare, ɓangaren Benin. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take rayuwa. Sannan ba ta jin komai sai Faransanci. Madannanta ma a birkice suke, inda ka saba samun A sai ka tarar da Q ta yi zaune. Ni kuwa Faransancina bai wuce na gaisuwa da na cinikin atamfa ba. A fuskar kwamfutar kalmomi biyu na sani, Oui da Non, wato e da a'a. Da yake ni mutum ne mai son zaman lafiya, Oui na fi dannawa.

Shugaban namu, Malam Umaru, dattijo ne mai kirki, ga barkwanci, amma akwai abu ɗaya da ba a wasa da shi a kai: hularsa. Babu malami ko ɗalibin da zai rantse ya taɓa ganin kansa. Ko alwala zai yi, sai ya juya wa jama'a baya, kafin ka ƙifta ido ya shafa kai ya mayar da hula. Kowa ya san dalili, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Da lokacin ajiye aikinsa ya zo, mataimakiyarsa, Malama Hadiza, ita ta jagoranci kwamitin walima. Mace ce mai son a yi abu a fita kunya. Ta bi gida-gida ta tattaro tsofaffin hotunansa, har da na ranar da ya fara koyarwa, ta aro majigi, ta ce a haska su a bango ɗaya bayan ɗaya jama'a su sha kallo. Wa zai tsara? Injiniya mana.

Na tsara kuwa, har da rubutu a ƙarƙashin kowane hoto. Ana cikin makon walimar, da hantsi, kwamfutar ta ga dama ta fara sabunta kanta. Wani ɗan zobe yana ta juyawa, ga dogon rubutu a ƙasa. Ina zaune ina jira, sai janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Mai ya ƙare. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi ƙirin.

Da aka zuba mai na kunna, sai ta fito da wata shuɗiyar fuska cike da rubutu. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, har da hura mata iska ta gefe kamar mai hura gawayi. Da ƙyar ta farfaɗo. Na yi hamdala, na danna manhajar nuna hotunan. Sai ga wani ɗan akwati da jar alama, da sunan wani fayil mai ƙarewa da dll. Ban iya karanta sauran ba, amma na gane cewa wani abu nata ne ya ɓata a faɗuwar da ta yi. Na ce to, bari in sake girka manhajar tun daga farko. Layin nan mai nuna inda aikin ya kai ya fara tafiya, ya yi nisa, ya kusa kai ƙarshe, sai ya tsaya ya dawo da baya kamar jakin da ya hango ruwa. Wani akwatin ya sake fitowa da lambobi da dogon Faransanci. Na danna Oui. Na sake gwadawa. Ya sake dawowa.

A haka Malama Hadiza ta leƙo ta same ni ina gumi.

"Injiniya, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Malama. Wani ɗan fayil ne ya ɓata. Kamar dai a ce ƙusa ɗaya ta fita daga ƙafar benci."

"To ka mayar da ƙusar," in ji ta. "Na riga na gaya wa iyayen yara za a nuna majigi. Har daga Kende da Geza za a zo."

A garin nan, in ka fita kasuwa ka jefa tsakuwa, da wuya ba ta faɗi kan wanda ya iya karanta Faransanci ba. Amma ina! Injiniya guda ya ɗauki kwamfuta ya je rumfar mai albasa a karanta masa? Sai na jona ta da intanet ɗin wayata, na jawo tebur zuwa bakin tagar da sabis ke kamawa (a makarantarmu in ka matsa kaɗan wayarka sai ta yi maka barka da zuwa Benin), na rubuta sunan fayil ɗin na nema.

Shafin da na faɗa yana da korayen maɓallai har ban san na dannawa ba. Na zaɓi wanda ya fi girma, don a tunanina babba ai shi ne na gaske. Wani abu ya sauko, ya fara yi mini tambayoyi. Oui. Oui. Oui. Manhajar ba ta buɗe ba. Na koma na danna na biyu, shi ma na bi shi da Oui har ya gaji. Ban san wanne ne ya yi aiki a cikinsu ba, amma can sai ga manhaja ta buɗe, ga hotunan Malam Umaru reras.

Na dai lura wasu baƙin alamomi sun bayyana a fuskar kwamfutar, wata tauraruwa, wani ɗan biri mai murmushi, kuma fankar cikinta tana ta huci. Na ce gyara ce aka yi mini, kamar mai sayen gyaɗa. Na kashe intanet, na gwada hotunan daga farko har ƙarshe, komai daidai. Na shiga ɗakin malamai ina karkaɗa makulli, na ce, "An gama. Abin sai wanda ya sani."

Ranar walima zauren taro ya cika maƙil. Babura sun yi layi a waje. Ga iyayen yara, ga ardo da mutanensa, ga malamai cikin manyan kaya. An rufe tagogi da zannuwa don hoto ya fito. A kujerar gaba, kusa da Malam Umaru, akwai amininsa tun na ƙuruciya, Alhaji Namata, ɗan kasuwa daga ƙetaren iyaka, mutum mai son taimako, mai kuma ɗan nauyin kunne. Dab da za a fara, Malama Hadiza ta ce akwai hoto ɗaya da aka turo mata yanzu, lallai a saka shi. Na kunna intanet ɗin wayata, na jona, na sauke hoton, na jefa wayar a aljihu. Kashewa ce ban yi ba.

Aka fara. Ga Malam Umaru yana saurayi a kan keke, da hula. Ga shi a filin wasa, da hula. Jama'a na ta tafi, ni kuma ina gefe ina gyara zaman tabarau, ina jin kamar ni na ƙera majigin.

Sai aka zo wajen kyauta. Kwamiti ya saya masa wata hula mai aiki, tsadadda. Malama Hadiza ta miƙa masa, sai wani daga baya ya ce, "A sa mu gani!" Zaure ya ɗauka. Malam Umaru ya yi murmushi, ya girgiza kai, aka ƙi bari. Ya dubi hagu, ya dubi dama, wataƙila ya ce a ransa yau dai ranar ƙarshe ce. Ya ɗaga hannu ya cire tsohuwar hular.

Hasken majigi ya sauka a kan sanƙon nan, ya yi wal. Kowa ya nemi wani wuri ya ajiye idonsa.

A daidai wannan lokacin hoton da ke bango ya ɓace. Wani ƙaton kai ya maye gurbinsa, sanƙo tas, ya cika bango daga sama har ƙasa, ga wata jar kibiya tana nuna tsakiyarsa. Sai muryar wata mata ta fito ta lasifika, da Faransanci, cikin taushi da lallashi.

Malam Umaru ya juya, hula a hannun dama, hula a hannun hagu. Ya kalli bango, ya kalle ni.

"Mi tac ce?"

Kafin in buɗe baki, Alhaji Namata ya miƙe. Shi a zatonsa wannan ma cikin tsarin walima ne, an dai manta ba a tanadi tafinta ba. Ya karɓi abin magana daga hannun Malama Hadiza, ya gyara murya.

"Ta ce, kai bawan Allah, gashinka ya zube? Ka gaji da ɓoyon kanka cikin hula? Ta ce kada ka yanke ƙauna, akwai magani."

Wani yaro ne ya fara, can baya, wata 'yar dariya da ta kuɓuce masa ta hanci. Daga nan zaure ya fashe. Ardo ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na yi tsalle kan kwamfuta na danna alamar rufewa. Maimakon ya rufe, sai wani tallan ya buɗe a kansa: wani mutum riƙe da ƙaton ciki.

"Wanga kuma na teɓa na," in ji Alhaji, bai fasa aikinsa ba. Shugaban iyayen yara, wanda cikinsa ke riga shi shiga ɗaki, ya ja babbar riga ya rufe.

Wani akwati ya fito da tambaya. Hannuna, da ya riga ya saba, ya danna Oui. Wasu tallace-tallacen suka ƙaru, murya kan murya. Na fizge wata waya, ashe ta fanka ce. Na kife murfin kwamfutar, matar nan ba ta yi shiru ba. Ina jin Malama Hadiza tana cewa, "Injiniya! Injiniya!" da wata irin murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Sai na kwasa a guje, na ratsa ta tsakiyar jama'a, na fita waje na kashe janareta.

Komai ya ɗauke. Na tsaya a gefen janaretan nan cikin warin hayaƙi, ina kallon hanyar da ta nufi iyaka. Wallahi sai da na lissafa: ga babur ɗina, ga mai a ciki, kuma a can babu wanda ya san ni.

Aka aiko wai shugaba na kira. Na shiga ina jan ƙafa. An yaye zannuwan tagogi, haske ya shigo, kuma Malam Umaru na tsaye har yanzu ba hula. Ya sa hannu ya shafa kansa a hankali, ya dube ni.

"Injiniya, shekara da shekaru ina ɓoyon wanga kai. Ashe har ƙasar waje an san da shi."

Aka sake fashewa, har da shi, har yana share hawaye. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, wallahi ba da gangan ba ne." Ya ce in tashi, ai ya san ban da wayon da zan shirya wannan. (Har yau ban yanke hukunci ba ko lallashi ne ko zagi.) Haka ya ƙarasa walimar da kai a buɗe, yana cewa ashe haka iska ke da daɗi. Malama Hadiza kuwa sai da aka yi hutu aka dawo kafin ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya.

Kashegari na ɗauki kwamfutar na sami Alhaji Namata a masaukinsa kafin ya koma gida. Na ajiye girman kai a bakin ƙofa tare da takalmina. Ya sa tabarau yana karanta mini akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ina dannawa. Ashe akwatin da ya yi ta hana ni girka manhajar cewa yake yi wuri ya cika, a rage kaya. Muka kwashe hotuna zuwa filashi, muka kori ɗan biri da tauraruwa da duk danginsu, muka share tarkace, sannan na sauko da abin da ya ɓata daga shafin masu manhajar na asali. Layin nan ya tafi sumul har ƙarshe bai waiwayo ba.

Abin da na koya? In abu ya yi maka tambaya da harshen da ba ka ji, kada ka ce masa e don kawai a zauna lafiya. Nemi tafinta tun kuna ku biyu a ɗaki, kafin tafinta ya kawo kansa a gaban jama'a.

Yanzu shekaru sun ɗan ja, kuma ni ma gaban goshina ya fara ƙaura zuwa baya. Kwanakin baya na haɗu da Malam Umaru a kasuwar Bagudo. Muka gaisa, ya riƙe hannuna bai saki ba, ya daɗe yana nazarin goshina. Sannan ya matso kusa da kunnena, ya yi ƙasa da murya kamar mai ba da sirri.

"Injiniya, in kana da sauran hanyar samun matar nan, ka neme ta tun da wuri. Ni na makara."