Inci Biyun Da Suka Ɓace

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je sayen laftof a Kakuri ba, kuma ko na so mantawa, Maman Joy ba za ta bar ni ba.

Tun kafin in fita gida gabana yake faɗuwa. Maigidana, Baban Ummi, ya samu aikin da ya daɗe yana nema, na zagaya ƙauyuka a babur yana shigar da sunayen manoma a kwamfuta. Aka tura su Abuja horo, aka ce ran Litinin kowa ya fito da laftof, wanda ba shi da ita a ba wani gurbinsa. Kuɗin da muka tara kuwa suna hannuna. Yayansa mai digiri ya ce a ba shi ya sayo, maigida ya ce a'a, "Maman Ummi ba a cutar ta a kasuwa." Maganar ta yi min daɗi, kuma ita ce ta hana ni karyawa ranar. Ni da na tsaya a aji shida? Ni tela ce. Atamfa na sani, shadda na sani, amma wannan abin ko maɓallin kunna shi ban sani ba. In na sayo wadda ba ita ba, aikin ya tafi, kuɗin sun tafi, yayan miji kuma ya samu labarin bayarwa har Ummi ta yi aure.

Sau uku maigida ya yi min bayani a waya. "Mai inci sha huɗu, mara nauyi, mai riƙe caji. Babbar ta fi araha, amma a bayana zan goya ta wuni guda, kuma ƙauyukan babu wuta." Duk cikin maganar abu ɗaya na gane sarai, shi ne inci. Na naɗe tef ɗina na jefa a jaka (a raina ina cewa yau za su san da wa suke yi).

Na goya Ummi, na roƙi Maman Joy, maƙwabciyata a Unguwar Sanusi, ta raka ni. Ta ce kada in damu, ita ta san kwamfuta, ai 'yarta tana da ita.

Mai shagon, Oga Emeka, haifaffen Kakuri ne, Hausarsa har ta fi tawa gudu. Ya jera mana guda biyu a kan tebur.

"Hajiya, wannan babbar inci sha biyar da rabi ce. Allonta da faɗi, ƙarfinta ba laifi, kuɗinta da sauƙi. Amma ɗaga ki ji."

Na ɗaga. Kamar na ɗauki kan keken ɗinki.

"Wannan ƙaramar ita ce sha huɗu. Ƙarfinsu ɗaya, amma batirinta ya fi daɗewa, ga ta kamar faranti. Ita ta fi tsada."

A sana'ata, yadi shida ya fi yadi huɗu kuɗi. Ban taɓa ganin inda aka rage abu kuma aka ƙara masa farashi ba. Na dubi Maman Joy, ta taɓe baki ta girgiza kai a hankali. Na ce shi ke nan, an gane ni.

Wani ya kira Oga Emeka, yana juya baya na zaro tef. Na shimfiɗa shi a allon ƙaramar daga hagu zuwa dama, yadda nake auna kafaɗa. Sha biyu da 'yar ɗoriya. Na goge idona na sake. Sha biyu. Na koma kan babbar, sai ga ta sha uku da rabi, kusa da sha huɗun da aka aike ni nema. Kenan ita ce ta gaskiyar, ya canza mata suna don ya sayar min da 'yar ƙaramar da tsada!

"Maman Joy," na ce, "inci biyu babu."

"Yesu! Sake aunawa!" Ta leƙa, ta gani da idonta. "Kai, Maman Ummi, Allah ya so ki da kika zo da tef."

Ni da ko gaisuwa ba na ɗaga murya, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Oga, ka ji tsoron Allah! Don ka gan ni da goyo? Don ba na jin Turanci? Shekara shida ina awo, ba a taɓa dawo min da ɗinki ba! Ina inci biyu?"

Masu shagunan gefe suka fara leƙowa. Wani dattijo da ya kawo gyaran waya ya ce, "A bar ta ta yi magana, haka suke wa mata." Ummi ta farka ta kama kuka. Ni kuwa na ɗaga tef sama, babban yatsana a kan sha biyu, ina nuna wa jama'a ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tallan magani.

Oga Emeka bai yi fushi ba. Da ma fushin ya yi, da ya fi min sauƙi. Hannu kawai ya miƙo.

"Hajiya, ara min tef ɗin."

Ya ɗora bakin tef ɗin a kusurwar allon ta ƙasa ta hagu, ya ja shi a karkace zuwa kusurwar sama ta dama. Ya juyo da allon yadda kowa zai gani.

"Karanta mana da kanki."

Na karanta a zuci. Ya ce bai ji ba.

"Sha huɗu," na ce, da muryar da ko Ummi da ke bayana ba ta ji ba.

"Kwana zuwa kwana ake auna shi, Hajiya, har talabijin ɗin gidanki. Ba siket ba ne."

Shagon ya ɗauka da dariya. Dattijon nan mai goyon bayana ya koma duba wayarsa kamar bai taɓa ganina ba. Na waiga neman Maman Joy, sai ga ta can bakin ƙofa tana cewa, "Ai ni dama na san a karkace ake yi." (Wallahi ita ta ce in sake aunawa.)

Na so ƙasa ta tsage. Na ja mayafi na rufe rabin fuska na ce, "Oga, ka yafe min."

"Ba komai. Gara ke, kin auna. Wasu launi kawai suke zaɓa."

Ƙaramar na saya. Ya kunna ta a gabana, ya nuna min inda ake ganin caji, ya ƙara min da jaka mai hannu biyu. Ran Litinin Baban Ummi, da ya riga ya dawo daga Abuja, ya goya ta ya hau babur, da yamma ya dawo da sauran caji, yana gaya wa yayansa a waya cewa ai shi ya san wadda ya aura. Na ci gaba da ɗinkina. Maman Joy ce ta shigo aron tsintsiya ta faɗa masa komai, har da kwaikwayon yadda na ɗaga tef.

Na dai koyi cewa tef ɗina bai yi ƙarya ba, ni ce ban tambayi ta ina ake kama shi ba. Matar Oga Emeka yanzu ni nake mata ɗinki, kuma duk zuwan da za ta yi sai ta buɗe hannuwa ta ce, "Hajiya, a miƙe ko a karkace?"

Don Allah, in za ku aiki irina sayen laftof, kada ku tsaya a faɗar inci. Ku ce kusurwa zuwa kusurwa. In kuma kun manta, to ku ɓoye mata tef ɗin.