Injina da Bikin Buɗe Rijiyar Sola

Jama'a ina kwananku, ina gajiya, ya iyali? Ni dai da sauƙi, sai ɗan ciwon ƙugu da na samo ranar Talatar da ta wuce, shi ne ma zan ba ku labarinsa.

Ina da kadada guda ta albasa a fadamar ƙauyenmu, can gefen Damri. Kwana uku ba ta ga ruwa ba, ganyen ya fara sunkuyar da kai, domin injin ban ruwana ya shanye ɗigon fetur na ƙarshe. Kun san tun da aka hana sayar da mai a jarka saboda mutanen daji, sai talaka ya zo da abin da zai sha man a gani da ido. Don haka na ɗaure injin a bayan babur da igiyar roba, kamar mai kai mara lafiya asibiti, na kama hanyar Mafara. Ranar kasuwa ce, layin gidan mai ya miƙe har ya sha kwana. A gabana wani bawan Allah daga Tsibiri ya goyo injin markaɗe, a bayana wani daga Maradun ya rungumo janareta a cinya. Muka gaisa, muka tambayi lafiyar injinan juna. Sai bayan azahar na samu aka cika mini injin, aka zuba ɗan abin da ya samu a babur.

Ina dawowa ƙauyenmu na tarar an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, makaɗa suna gasa fatar ganguna. Ashe ranar ce Mai Girma Wakilinmu, Garkuwar Talakawa, Fitilar Karkara, zai buɗe rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Shekara biyu ke nan da ya yi mana alkawarinta, kuma a gaskiya an kafa allo mai kyau, hoton da ke jiki har ya fi mai shi ƙuruciya.

Ban kai ga juya kan babur ba sai Mukhtar ya tare ni. Ɗan ƙanwata ne, yanzu shi ne mai taimaka wa Onorabul kan harkokin jama'a, yana yawo da waya uku. Ya durƙusa har ƙasa, abin da rabon da ya yi mini tun yana makarantar firamare.

"Kawu, Allah ne ya kawo ka. Faya-fayan solar ba su iso ba, ɗan kwangila ya ce suna hanya. Ga shi Yallaɓai ya baro Gusau, da 'yan jarida."

Na ce, "To ni mi zan yi, Mukhtar? Ni ba ɗan kwangila ba ne."

"Injinka, Kawu. Akwai tsohuwar rijiyar nan da guga ba ya kai wa ruwanta, bayan zanan can. Mu ja tiyo zuwa famfo, minti goma kacal. Ya buɗe, a ɗauki hoto, shi ke nan."

Na ce albasata fa? Ya rantse zai mayar mini da man har da ƙari. Maƙwabcina Ɗanasabe, wanda ba ya bari a yi abu babu shi, ya ce, "Ka taimaki yaro mana, ai gwamnati ka taimaka." Ni kuma da na tuna idon ƙanwata, sai na sauke injin.

Aka ɓoye ni bayan zana, aka matso da makaɗa kusa, aka ce da zarar na ja igiya su saki kiɗa don kada a ji ƙara. Motoci suka iso, na leƙa ta ɓular zana na ga sun kai tara, kowacce injinta a kunne don kada sanyin ciki ya gudu. Mukhtar ya ɗaga hula, na ja igiya, makaɗa suka ɗauka. Mai Girma ya yi bisimilla ya murɗa famfo, ruwa ya tsarto. Mata suka rangaɗa guɗa, suka fara jera bokitai, domin su da gaske suke, kullum sai sun yi tafiya mai nisa kafin su samo na girki.

Da an tsaya nan da an rabu lafiya. Amma aka miƙa wa Yallaɓai lasifika. Allah ya ba shi baki, wannan ba na musu. Ya ba mu labarin ƙudurin da ya tsaya a kai a majalisa, na sabuwar manufar makamashi ta ƙasa. Ya ce ya kwana uku a wani taro a ƙasar waje saboda mu. Ya ce nan da shekara talatin jikokinmu sai dai su ji labarin fetur. Ni a bayan zana ina kallon tankin injina, wanda man da ya rage a cikinsa ba zai kai minti talatin ba. Ya nuna famfo ya ce, "Wannan ruwa da kuke gani, babu ɗigon mai a cikinsa. Rana ce kawai, kyautar Allah!"

Bai rufe baki ba injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ruwa ya tsaya. Makaɗa, da suka ga aikinsu ya ƙare, su ma suka tsaya.

Sai Inna Taibatu, tsohuwar da ke gaban layi, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dubi bokitinta da bai kai rabi ba. Ta ce, "Ranka shi daɗe, ga rana nan tana ƙona mu. Mi anka yi mata ta yi fushi?"

Ni kuwa na tuna akwai ɗan mai a babur. Na zura siririn tiyo a tanki na kafa baki ina zuƙa. Ina cikin haka, baki cike da fetur, sai zana ya buɗe. Mai Girma ne da kansa, babbar riga ta sha sitaci, mai kyamara a bayansa. Ya dubi injin, ya dubi tiyo, ya dube ni.

"Malam, kai kuma wane ne?"

Na tofar da man a gefe, na cire hula. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni ne ranar."

Ɗanasabe ya fara faɗuwa da dariya, sai duk fili ya ɗauka. Zan faɗi gaskiya ko da ban saba yabon manya ba: mutumin bai sani ba. Fuskarsa ta nuna shi ma an yi masa sakiyar da ba ruwa. Ya juya ya nemi Mukhtar, Mukhtar ya ɓuya a bayan mai ganga. Ya nemi ɗan kwangila, aka ce yanzun nan ya tafi alwala. Can sai shi ma ya yi dariya, ya sa mai kyamara ya kashe, ya tambaye ni me nake nomawa. Na ce albasa, kuma yau kwananta uku da ƙishirwa. Nan take ya sa aka zuƙo mai daga motar rakiya aka cika mini injin da babur. Inna Taibatu ta ce ba inda injin zai je sai kowace mace ta cika bokitinta, kuma haka aka yi. La'asar sakaliya na isa fadama, na sakar wa albasa ruwa, kafin magariba ta ɗago kai.

Jiya faya-fayan sola suka iso a bayan akori-kura, ɗan kwangila yana zaune a kansu yana gumi, an ce kiran waya ɗaya aka yi masa. An ɗora, ruwa yana zuwa, babu kiɗa babu zana. Matata Turai ta ɗebo har sau uku, ta ce in rubuta a jarida cewa ta gode.

To na rubuta. Sai dai ina roƙon Mai Girma, in ya koma majalisa, ya ƙara layi ɗaya a cikin manufar nan ta ƙasa: duk aikin da babban mutum zai buɗe, kafin ya murɗa famfo, ya fara zagayawa baya ya gaida wanda ke tsugunne a can.