Mamet Za Ta Shiga Jami'a

"Lafiya ƙalau, in ban da mutuwa," in ji Mamet. "Kai fa, mahaucin birni? Mutum nawa ka kashe tun safe?"

"Ba a ba ni kowa ba tukuna. Ke nake jira."

A ƙofar makarantar likitoci ta Montpellier muka tarar da Guilhem, ɗan yayata da ke karatu a can, yana tsaye a inuwar babban cocin da ke manne da ita. Ni na turo mahaifiyata a keken marasa lafiya tun daga asibiti. Sunanta Fernande, amma kowa a garinmu Sète Mamet yake ce mata, wato kaka. Da safen nan likita ya gama mana bayani: ciwon ya bar hanji ya kama hanta, ba za ta kai lokacin yankan inabi na bana ba. Na sanar da Guilhem ta waya. Ita kuwa ta ce duk zuwanta birnin nan rufin asibiti kawai take kallo, yau sai an zaga da ita.

Guilhem ya karɓi keken, idanunsa jajir.

"Wa ya dake ka?" in ji ta.

"Albasa na yanka."

"Ƙarya. Yaron da ko ƙwai bai iya soyawa ba."

Muka kama hawan da ke kaiwa dandalin Peyrou. Ya yi nishi da gangan.

"Tsohuwa, me suke ba ki a asibitin nan? Kamar ina tura jirgin ruwa."

"Ka tura a hankali. Sarauniyar kasuwar kifi ka ɗauko, ba buhun dankali ba."

Ƙarya yake yi. Da hannu ɗaya ni na ɗaga ta daga gado ɗazu.

A saman dandalin ya juya keken ta fuskanci kudu. Ta daɗe tana ƙura ido wajen teku, wani siririn haske can ƙarshen rufin gidaje. Sannan Guilhem ya tsuguna gabanta.

"Mamet, zan ajiye karatun. Gobe zan biyo ku gida."

"Ka yi me?"

"In yi jinyarki."

"Kai? Ashe so kake in riga lokacina. Kifin kwalbar da na saya maka kana ƙarami ma bai kwana a hannunka ba."

"Ke kika soye shi."

"Bayan ya mutu! A bar shi ya lalace?"

"Da gaske nake."

"Jarrabawarka fa?"

"Akwai ta baɗi."

"Haka ubanka ya ce da ya hau jirgi, wai na shekara ɗaya ne. Ruwa bai dawo mana da ko takalminsa ba." Ta nuna gunkin wani sarki mai doki da ke tsakiyar dandalin. "Dubi wancan. Tattabaru na yi masa kashi a ka dare da rana, amma yana nan inda aka ajiye shi. Ƙarfe ma ya fi ka zuciya."

"Shi ba shi da kaka mai taurin kai."

"To bari ka ji. Ni ma na nemi gurbi a makarantarku."

"Na shara?"

"Na koyarwa, ɗan banza. Na gaya wa likita, in na cika, a kai musu gawata, ɗalibai su koyi aiki a kaina."

Ban san da wannan ba. Na ce, "Mama!"

"Ke Solange, yi shiru, da saurayina nake magana."

Guilhem ya juyo gare ta.

"Wa zai karɓe ki? In aka buɗe ki gishiri da gulma za a tarar."

"In aka buɗe ka fa? Iska kawai, ta kashe fitila."

"Za su maido ki. Su ce wannan ta ƙi yin shiru."

"Su maido ni? Layi za su yi. Malamai daga Paris za su zo kallon hannuwan nan. Tun ina yarinya suke feɗe kifi, ba su taɓa yankar mai su ba. Kai kuwa ko reza sai ta sha jininka."

"Ba a barin ɗalibi ya taɓa nasa, Mamet."

"Na tambaya, na sani. Wa ya ce ka taɓa ni? Ka taɓa ni ka ɓata musu kaya? Ni dai in san kana cikin ginin, kana hawa bene da littattafanka ina ƙasa a kwance." Ta tsaya ta ja numfashi, da ƙyar ya shiga. "Ni da ban gama firamare ba in shiga jami'a ta babbar ƙofa, kai kuma ka sulale ta baya? Da wane ido zan kalli sauran gawarwakin?"

Ya kifa goshinsa a kan gwiwarta. Kafaɗunsa suka yi ta motsi, na kasa gane dariya ce ko kuka. Ta bar shi. Wasu 'yan yawon buɗe ido suka kewaye mu suka wuce.

"Duk Asabar zan zo," ya ce, bai ɗago ba.

"Ka zo da kanka a cike, in yi maka tambayoyi."

"Me kika sani a likitanci?"

"Na san mutuwa. Kai a littafi ka gan ta."

Ya ɗago yana dariya, hanci na zuba. "Shi ke nan. Kin ci, mayya."

"Yaushe ka taɓa ci?"

Ta kai hannu kunnenta, yatsun suka ƙi. Ni na cire mata 'yan kunnen zinariyar, waɗanda tun da na buɗe ido ban taɓa ganinta babu su ba. Ta danƙa masa a tafin hannu, ta rufe yatsunsa a kai.

"Na wawuyar da za ta yarda ta aure ka ne. Ka ce mata na so in gan ta, ko don in ba ta haƙuri."