Ranar da Gidanmu Ya Jiƙa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da Alhaji Abakar ya zo ganin gidanmu na Omdurman ba. Ko na so mantawa ma, 'yarsa ba za ta bari ba.

A lokacin ina gyaran waya da kwamfuta a wani shago a Bahri, amma rabin hankalina yana wani gida da babu shi sai a kaina. Kullum in bas ta maƙale a cunkoson gada, sai in jingina kai da taga ina kallon Nilu, ina ta gini. Gida ne da ya san takuna. In na shigo fanka ta tashi da kanta, fitilu su yi laushi bayan magariba, famfo ya shayar da bishiyar lemun tsami ba tare da an ce masa komai ba. A tsakiyar wannan duka kuwa ga Amna, zaune a kan angareb, gadon igiyar nan namu, tana murmushi tana cewa, "Kai ka yi duk wannan?" (A mafarkin nawa ba ta taɓa cewa wani abu daban ba.)

Na samu tsohuwar kwamfuta na mayar da ita saba, wato ƙwaƙwalwar gidan. Na ajiye ta a ɗakin da za a kawo amarya, na haɗa mata batir saboda ɗaukewar lantarki, na bi bango da wayoyi. Inna takan kira ta "akwatin nan naka", ni kuwa har goge mata ƙura nake yi da gefen rigata.

Matsalar ɗaya ce, mahaifin Amna. Alhaji Abakar ɗan kasuwar yadi ne daga Kalakla, mutum mai ƙarancin magana, kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya iso kunnena shi ne wai ya ce ni yaron kirki ne, amma yana ganin wasa ya yi mini yawa. Zai zo da kansa ya ga inda 'yarsa za ta zauna, sannan ya yanke. Wallahi na ji tsoro, don ina son yarinyar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Sai na ce to, bari ya ga mai hankali. Na sayo na'urar jin hayaƙi na maƙala a rumfar tsakar gida. Na tsara cewa da ta ji hayaƙi, lasifika ta yi shela, ƙofar waje ta buɗe, tiyon lemun tsami ya yi feshi da dukkan ƙarfinsa. Muryar shelar ma tawa ce, na ɗauka wata rana ina nishaɗi ni kaɗai, da niyyar in sake ta daga baya. (Kun dai gane ban sake ba.)

Ya iso cikin farar jallabiya da rawani kamar an sauko da shi daga gajimare. Ƙofa ta buɗe masa kafin ya ƙwanƙwasa. Ya zauna a rumfa, fanka ta juyo gare shi. Na ga ya ɗaga gira, zuciyata ta yi fari tas. Har na fara jin guɗar biki a kunnena.

Abin da na manta, ni da aka haifa a gidan nan, shi ne yadda Inna take karɓar babban baƙo. Ta fito da murhun gawayi ta fara soya bunnin jabana, gahawar nan da ba a yi sai don mai daraja. Sannan ta kawo kasko ta zuba turaren bakhur mai yawa, wanda ta ɓoye tun bikin yayata, ta ajiye shi daidai ƙarƙashin na'urar. Na zauna ina kallon hayaƙin yana tashi a hankali, shuɗi-shuɗi, yana lanƙwasa cikin hasken yamma, har ina cewa a raina kai, duniya da daɗi take.

Sai muryata ta fashe daga saman rumfa.

"Gobara! Gobara, jama'a! A fara ɗauko akwatin! Akwatin tukuna, sannan kowa ya yi ta kansa!"

Kafin in miƙe, tiyo ya farka. Ya yi tsalle kamar maciji, ya bar lemun tsami da ƙishinsa ya nufi Alhaji. Rawani ya jiƙe ya zamo masa kan ido. Ƙofa ta wangale, maƙwabta suka danno da bokitai, wata tsohuwa tana salati. Ni kuma ina ta latsa waya, muryata tana maimaita maganar akwati ba ko kunya.

Inna ce ta taka a hankali ta zare filogi. Ta dube ni ta ce, "Kai yanzu turaren baƙo ne gobara? Ya walad, kai yaro, a gidan wa aka raine ka?"

Alhaji ya kwance rawaninsa ya matse shi sosai. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce, "Ɗana, ruwa ba komai ba ne, ana zafi. Abu ɗaya zan tambaye ka. In gobarar ta zo da gaske, 'yata tana ɗakin nan, akwatin yana ɗakin nan, wa za ka fara ɗaukowa?"

Na ce, "Amna, Baba. Wallahi Amna."

Ya ce, "To shi gidan bai sani ba. Ka gaya masa."

Ya sha jabanarsa a jiƙe, ya tafi. Na yi kwanaki abinci ba ya wuce mini, sai ga saƙo cewa a turo manya. Daga baya Amna ta ce mini ya koma gida yana dariya har da hawaye, wai mutumin da ya ji kunya irin haka ba zai iya cin amana ba.

Na sake ɗaukar muryar, sunanta ne farko. Na kuma koyi cewa kafin ka koya wa gida wayo, ka tambayi wadda ta riga ka sanin halinsa me hayaƙi yake nufi a cikinsa.

Bayan aurenmu, da yaƙi ya ɓarke garin ya rikice, muka fita a gaggauce, kamar kowa, babu lantarki balle shela. Na kama hannun Amna, ita ta kama na Inna. Sai da muka yi nisa ta dube ni ta ce, "Akwatin fa?"

Na ce yana gida, yana jiranmu. Ta ce, "Bari mu samu waya in gaya wa Baba ka ci jarrabawa."