Dundumin Bidi

"Lafiya ƙalau, amarya. Ina gajiyar yawo? Tun hantsi aka aike ki kasuwar Ajingi, sai la'asar sakaliya!"

Malam Hamma ne yake amsa gaisuwar jikarsa Zulfa, wadda take karatun lafiyar dabbobi a Kano, ta zo hutu Kademi. A bayansa ga Bidi a turke, dokin da ya tsufa a hannunsa. Tun tsakiyar rani Bidi ya fara dundumi, rana na faɗuwa sai tuntuɓe. Tukur, babban ɗan Hamma, ya ce kasuwa mai zuwa za a sayar da shi.

"Ina hantar da na ce ki sayo masa?"

"Ga karas, ga ɗanyar ciyawa daga lambun bakin fadama."

"Hanta na ce! Da ina yaro na yi dundumi, gasasshiyar hanta Inna ta ba ni na warke."

"Haba angona, doki ne ko kura? Ina ka taɓa ganin doki a layin mai tsire?"

"Bidi ba kamar sauran dawakai ba ne. A kansa nake barin Gaya, in isa Ajingi kunu bai huce ba."

"Shi ya sa jiya akuya mai ciki ta wuce ku."

"Ke! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Da wane idon? Kai ma da magariba tukunya kake yi wa sallama. Saurara, tsoho. Abin da ya warkar da kai a hantar nan, bitamin A ne. Shi doki da kansa yake haɗa nasa. In ya ci kore, akwai wani sinadari a ciki, karotin. Hanjinsa ya juya shi ya zama bitamin, ya bi maiƙo ya tafi hanta. Hanta ce rumbunsa. Kullum jini ya ɗebi kaɗan, goye a bayan wani furotin, ya kai wa ido da fata."

"Har goyo ake yi a cikin doki? Ke da ko tsintsiya ba ki iya ɗauka ba!"

"Da damina yake cika rumbu. Yaushe rabonsa da kore?"

"Kore na jakai ne. Harawa nake ba shi, zaɓaɓɓiya, ta bara waccan da na adana a kan rufin ɗaki. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zuma ka ce, ba harawa ba. Rana ta riga ta cinye karotin ɗin. Rumbu wayam, maigida yana kuri."

Hamma ya buɗe baki zai rama, sai ya ga Bidi ya miƙo wuya ya zari ciyawar daga hannunta. Ya daɗe yana kallo.

"Haka yake yi wa kakarki Hanne," ya ce a hankali. "Kowane rani sai ta dawo daga lambu da ɗanye a gefen zane. In yi faɗa, ta ce wa akuyarta ta kawo. Ashe ita take riƙe da idonsa. Tun da ta rasu ba wanda ya ƙara kawowa."

"Allah ya jiƙanta. Ni ce dai aka bar wa wahalarka."

"Zai warke?"

"In rashin koren ne, akwai rabo, amma sannu a hankali. Gobe likitan dabbobi na Gaya zai duba shi. Kada kuma ka je ka ɗura masa maganin bitamin, yawansa guba ne."

"Tukur ba zai jira ba."

"Baffa Tukur ya ce ya gaji da ciyar da tsofaffi biyu."

Hamma ya tashi da ƙyar, ya ciro linzami daga ƙusa, ya ɗora mata a hannu.

"To na ba ki shi, halak malak. In ga yadda Tukur zai sayar da dokin da ba na ubansa ba."

"Sadakin ke nan? Tsohon ango, tsohon doki! Na karɓa. Amma hawa sai da izinina."

Tsoho ya yi dariya har ya share ido da hannun riga.

"Na bi, ranki ya daɗe. In ruwa ya sauka, idonsa ya buɗe, a ara mini shi yini guda. So nake mu bi hanyar garinsu Hanne, mu dawo da magariba."