Motar da Ba Ta Tari

"…to ya ƙarfin jiki? Ya idon?"

"Ido ƙalau. Ga shi tun daga bakin get nake hango muninki."

"Ashe da sauƙi. Ni da na zaci sai na kawo maka fuskar har hanci."

Tsohon Direba yana durƙushe a gareji da tsumma a hannu, yana goge ƙofar motar da ya riga ya goge tun da safe. Doguwa yake ce mata, tsohuwar mota ce mai dogon baya wadda ya saya da ya bar tuƙin haya. Wadda ke tsaye a kansa jikarsa ce, 'yar babban ɗansa. Aikin jinya take yi a asibiti, shi ya sa ya laƙaba mata Mai Allura, ita kuma ba ta da sunan da take kiransa sai Angona.

"Tashi ka sa hula, Angona. Mota zan saya, kai za ka duba min."

"Ke? Mota? Ke da keke ma sai da ya kayar da ke a kwata?"

"Wa ya sake ni a gangara yana dariya? Tashi ni dai. Da taka za mu je, ni zan ja."

Bai tambayi dalili ba, don ya san dalilin. Likita ya ce hawan jinin ido ya cinye masa gefe da gefe, abin da ke gabansa kaɗai yake gani, kamar mai leƙe ta bututu. Kwanan baya ya kwashi ginshiƙin get da haƙarƙarin Doguwa. 'Ya'yansa biyu, manya da gemunsu, sun kasa buɗe baki su ce Baba ka bar tuƙi. Sai suka ƙulla a falo cewa dillali ya karɓi Doguwa a cika masa, yarinyar ta ɗauki wata motar, kuma ita za a turo, tunda jika ce kaɗai ke iya yaɓa wa kaka magana mai zafi a ce wasa ne. Sun manta ido ne ya lalace, kunne yana nan, tsaf ya ji su ta taga. Abin ya ci masa rai ƙwarai, kuma ba rabuwa da motar ce ta fi yi masa ciwo ba, ragwantar 'ya'yan da ya haifa ce.

Ya miƙa mata makulli ba tare da ya dube ta ba. A hanya kuwa bai bar ta ta huta ba.

"Saki kuloci a hankali, ba wuyan marar lafiya ba ne."

"Wannan kulocin sai ƙafar ɗan dambe. Mota ce ko injin niƙa?"

"Ta girmi ubanki a hankali. Ki yi mata ladabi."

Filin dillalin shimfiɗe yake da tsakuwa, motoci jere a layi biyu, kowace da takarda manne a gilashi. Suna tsayawa ya miƙa hannu ya karɓe makullinsa ya jefa aljihu. Dillalin, wani mai tumbi da tabarau a goshi, ya taho yana washe baki yana sannu da zuwa Baba, amma idonsa na kan lotsewar da ke gefen Doguwa. Ya kai su gaban wata 'yar mota ruwan toka, ta hannu ce amma tana sheƙi.

Tsohon ya ja da baya don ta shiga cikin ɗan abin da idonsa ke iya ɗauka. Ya zagaya ta yana shafawa har ya kai baya, sai ya tsaya.

"Ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran motar. Wa ya datse mata baya? Ko rabi kika biya aka ba ki rabi?"

"Haka ake yin ta, ɗan ƙauye. Ƙofar baya ce ke ɗagawa sama, a kwantar da kujeru a zuba kaya."

"Wane kaya? Jakar hannunki? Wallahi na taɓa ɗaukar irin wannan guda biyu a but ɗin Doguwa, har da direbobinsu, ban ma san suna ciki ba."

"Ƙarya dai ba ta tsufa a bakinka. Ni daidai ni ce. Ko ina ta samu za ta raɓa ta tsaya, ba irin taka ba da sai an tashi unguwa kafin ta juya."

"Guntuwa ta samu guntuwa. Allah ya haɗa ku."

Dillali ya sa baki, ya ce ai wannan haibrid ce Baba, tana aiki da mai tana aiki da lantarki, in tana tafiya a hankali batir ne ke jan ta, in ta ɗau gudu inji ya karɓa.

"Au, mai raba ƙafa ce ma? Ba ta ga mai, ba ta ga wuta. Munafuka kenan."

"Tattali ake ce masa. Taka fa? In ta wuce gidan mai ba a tsaya ba har tari take yi don a tuna da ita."

"Tana ci tana aiki. Ke kina ci, me kike yi?"

"Ina yi wa tsofaffi masu taurin kai allura."

Ya sa aka buɗe bonet. Nan ne fagensa, shi da ake kawo wa mota daga nesa don kawai ya saurara ya faɗi ciwonta. Ya sunkuya, ya tarar duk an rufe injin da baƙar roba, ga wasu wayoyi masu kauri ruwan lemo. Ya kai hannu, dillali ya yi wuf ya riƙe shi, ya ce a'a Baba, waɗannan ba a taɓa su, wuta ce mai ƙarfi, na'ura ake jonawa ta faɗi abin da ke damun motar. Tsohon ya janye hannunsa ya goge a riga, alhali babu abin da ya taɓa.

"To tashe ta in ji muryarta."

"Kai za ka tashe ta," in ji Mai Allura. "Shiga. Ango ne ke fara shiga ɗaki."

Ya shiga ya zauna, gwiwarsa na dukan sitiyari. Ya laluba inda ake zura makulli, babu.

"An sace mata ramin makulli."

"Taka birki ka danna wancan madannin."

Ya taka, ya danna. Wasu fitilu suka kawo a gabansa, shi kenan. Ya karkata kai ya kasa kunne, shiru. Ya sake dannawa, fitilun suka ɗauke.

"Kin gani? Gawa ce. Gawa za su sayar miki."

"Kai ka kashe ta! Da fa ta tashi."

"Ta tashi ina? Ni za ki gaya wa tashin mota? Mota in ta tashi sai ta yi tari, ta girgiza, ta gaishe da mai ita."

"Wannan 'yar boko ce, ba ta surutu. Ba kamar wani ba."

Dillali ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa yaro in ya sa takalmi a juye. Ita ce ta ƙona tsohon. Ya fito da ƙyar yana dafa ƙofa.

"Zo mu zaga fili ka ji daɗinta," in ji ta.

"Ba na shiga akwatin gawa da ƙafata. Je ki ke kaɗai."

"Tsoro kake ji."

"Ina tuƙa babbar mota a kan dutse lokacin ubanki yana fitsarin kwance."

"Shi ya sa ginshiƙin get ya ga ta kansa."

Da dariya ta faɗa, amma maganar ta soke shi. Ya juyo ya saita ta a tsakiyar idonsa.

"Faɗi saƙon da aka ba ki mana. Kin tsaya kewaye-kewaye."

"Wane saƙo?"

"Na ragwayen nan biyu. Sun aiko ki ki raba ni da matata ta fari, ke ki hau gawa ki yi yawo. Ki gaya musu Doguwa ba ta sayarwa ba ce. Yanzun nan zan ja abata in koma gida, in sun isa su zo su tare ni."

Dillali na jiran a gwada mota, sai Mai Allura ta shige ta ja ƙofa, ta ce wa tsohon ya tsaya nan kada ya motsa, yanzu za ta dawo su ƙarasa faɗan.

Bai tsaya ba. Doguwa na can ɗaya layin, hanyar tsakuwa ce kawai tsakaninsu. Ya ciro makulli, ya tsaya a bakin hanyar ya yi abin da ya saba yi tun da idon ya fara gudunsa: ya saurara. Yana jin rediyo a ofishin dillali, yana jin manyan motoci can kan titi, amma kusa da shi babu inji ko ɗaya. Ya sa ƙafa da ƙarfin zuciyarsa.

Tsakuwa ta yi ƙara a gefen hagunsa, wani abu ya ture masa riga ya daki cinyarsa kaɗan. Makullin ya faɗi. Ya juya kai gaba ɗaya kafin ya gan ta, 'yar motar ruwan toka, hancinta manne da shi, kuma har a lokacin ba ta ce uffan ba.

"Kaka!"

Rabon da ta kira shi da wannan sunan tun tana 'yar firamare. Ta fito ta bar ƙofa a buɗe, ta kama shi tana tattaɓa ƙafarsa da hannun asibiti.

"Sake ni, ban karye ba. So kika yi ki zama bazawara da wuri ki ci gado?"

"Ba ka gan ni ba? Ina gefenka fa! Tun daga kwana nake tahowa!"

"Yo wa zai ga wannan abar? Ƙwaro ma ya fi ta girma."

"Kaka, bar wasa." Hawaye ya zubo mata. "Da a ce kai ne a ciki, yaron wani ne a nan fa? Ni ba su ne suka aiko ni ba. Sun dai roƙe ni, amma ni na ce zan zo. Ni nake karɓar waɗanda ake kawowa daga titi, ni nake wanke su. Ba na so wata rana a ce min kai ne ka kawo wani."

Abin da ya kama shi yanzu ba tsoron mutuwa ba ne, sai sanin cewa kunnen da ya dogara da shi ma an yi motar da ta fi ƙarfinsa. Ya dubi ƙasa yana neman makullin, bai gan shi ba, kuma ya san yana nan kusa da takalminsa. Dillali ya sunkuya zai ɗauka.

"Kai, bar shi! Ba kai zan ba ba." Ya juya wajenta. "Ɗauki, Mai Allura. Ke na ba. Ki gaya wa ubanki da ƙaninsa ban ba su komai ba, kuma ina jiran su zo su dube ni a ido, tunda su nasu yana gani."

Ta ɗauka ta riƙe a tafin hannu kamar mai zafi.

"Angona…"

"Kada ki yi min kuka a gaban mai tumbi. Sadakinki ne na biya, kada ki ƙara tambayata ko sisi. An cuce ni dai, na ba da doguwa na karɓi guntaye biyu."

Ta yi dariya hanci na zuba. "Guntayen ne za su riƙa kai ka asibiti."

"A baya zan zauna, kamar mai gida. Ke ce direba, kuma ba na biyan albashi."

"Ka ga ta inda ka ci riba."

Ya dafa bonet ɗin 'yar motar, ya bar hannunsa a kai ko zai ji wani motsi. Sanyi ƙalau, kamar ba ita ta kusa kwashe shi ba.

"Tana da hon kuwa, ko shi ma na munafunci ne?"

Ta zura hannu ta taga ta danna. Wata 'yar siririyar ƙara ta fito, kamar an taka wutsiyar ɗan kyanwa. Tsohon ya tuntsire da dariya har ya yi tari, dariyar da ba ta da daɗi ko kaɗan, ya share ido da bakin hula.

"Kai, duniya. To na yarda, kin ci. Amma sharaɗi ɗaya. Duk ranar da kika zo, tun daga bakin get ki danna min wannan abin kunyar."

"Don ka fito tarbar amarya?"

"Don in kauce," ya ce. "Buɗe min bayan, ban ga mariƙin ba."